YADDA FATALWA DA SOYAYYA SUKA SAMI GURBI A LABARIN BINCIKE

A cikin rassan ƙagaggun labarai na Turawan Ingila da Amurka akwai wani reshe da ya kamata 'yan'uwa marubuta su san tarihinsa, ko da kuwa ba su da niyyar rubuta irinsa. Wannan reshe shi ne labarin binciken kisan kai wanda ba a nuna jini a cikinsa, ba a ashar, ba a kuma batsa. Masu shi suna kiran sa kozi, kalmar da ke nufin irin ɗumin nan da mutum ke ji in ya lulluɓa da bargo cikin hunturu, ga shayi a gefensa. Mu a nan za mu kira shi labarin bincike mai taushi. Yawanci akan kafa shi ne a ɗan ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, kuma mai gano laifin ɗan sa-kai ne wanda ba a ɗauke shi aikin ba, kamar wata tsohuwa mai saƙa, ko malamar makaranta da ta yi ritaya, ko mai kantin littattafai.

Abin da ya jawo hankalinmu shi ne, da yawa daga cikin irin waɗannan littattafai na yanzu za ka tarar da fatalwa a ciki tana taimakon mai binciken, ga kuma soyayya tana tafiya gefe guda. Alhali kuwa kusan shekara ɗari da ta wuce manyan wannan fage sun zauna sun rubuta doka baƙi da fari cewa abubuwan nan biyu haramun ne a labarin bincike. To, yaya aka yi waɗanda aka kora ta ƙofa suka dawo har suka sami ɗaki a gidan?

Tun kafin a haifi labarin bincike fatalwa ta riga ta yi kaka-gida a adabin Ingilishi. A 1764 Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto, wanda ya buɗe hanyar labaran tsofaffin fadoji masu ban tsoro. Bayan shekara 30, a 1794, wata mata mai suna Ann Radcliffe ta rubuta The Mysteries of Udolpho, labarin wata marainiya Emily da aka tsare a wata fada cikin duwatsun Italiya, an raba ta da saurayinta, tana jin muryoyi da kaɗe-kaɗe cikin dare. Dabarar Radcliffe ita ce ta bar mai karatu ya sha tsoro har ya ƙoshi, sa'an nan daga ƙarshe ta bayyana masa cewa duk abin nan da ya ji yana da dalili na duniya. Wato tun a nan an haɗa mace mai neman gaskiya, da gida mai asiri, da masoyi, da kuma fatalwar ƙarya.

Shi kuwa labarin bincike na sosai, masana sun fi danganta farkonsa ga Edgar Allan Poe na Amurka, wanda a 1841 ya ƙago wani mutumin Faris mai suna Dupin da ke warware kisa da tsabar tunani. Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle ya biyo baya a 1887. A cikin The Hound of the Baskervilles, wanda aka buga kashi-kashi a mujallar Strand daga 1901 zuwa 1902, mutanen wani yanki na Ingila sun yi imani cewa wani karen aljanu ne ke bin zuriyar gidan Baskerville yana kashewa. Holmes ya gano kare ne na jini da tsoka, wani mai kwaɗayin gado ya shafe shi da sinadari mai ƙyalli cikin duhu. Dabarar Radcliffe ke nan ta sake tufa.

Abin mamaki a nan shi ne shi kansa Doyle. Tun 1848, lokacin da wasu 'yan mata 'yan gidan Fox a jihar Niyok suka ce matattu na yi musu magana ta hanyar ƙwanƙwasa, al'adar zaman kiran kurwa ta bazu a Amurka da Turai. Ko da ɗaya daga cikinsu ta fito a 1888 ta ce da gaɓoɓin yatsun ƙafarta take yin ƙarar, jama'a ba su bari ba. Da Yaƙin Duniya na Farko ya cinye samarin Birtaniya fiye da 700,000, sai iyaye da matan da aka bari suka yi ta tururuwa wurin masu kiran kurwa. Doyle ya bayyana imaninsa da wannan abu a 1916, ya kuma ƙarar da sauran rayuwarsa da dukiya mai yawa yana yawon wa'azinsa har ya mutu a 1930. Amma duk da haka bai taɓa yarda fatalwa ta gaskiya ta shiga aikin Holmes ba. A wani gajeren labari na 1924 da aka kawo wa Holmes ƙarar wata mata wai mai shan jini ce, tun kafin ya bar ɗakinsa ya yi watsi da zancen. A ganinmu Doyle marubuci ya fi Doyle mai wa'azi sanin abin da sana'arsa za ta ɗauka.

Daga nan sai zamanin dokoki. A 1928 wani Ba'amurke da ke rubutu da sunan S. S. Van Dine ya buga ƙa'idoji 20 na rubuta labarin bincike. Ta uku ta hana soyayya ɗungum, don a cewarsa aikin labarin shi ne kai mai laifi gaban shari'a, ɗaurin aure bai shafe shi ba. Ta takwas ta hana gano mai laifi ta hanyar kiran kurwa ko duba ko karanta zuciya. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika na Ingila, ya fitar da nasa guda 10, ta biyunsu ta kori duk wani abu na gaibu. A 1930 marubutan Ingila suka kafa ƙungiyarsu a Landan, Detection Club, da G. K. Chesterton a matsayin shugaba na farko, kuma sabon ɗan ƙungiya sai ya rantse ba zai warware labarinsa da wahayi ko tsibbu ko dace ba. Sai dai mu faɗa a gefe, rantsuwar a kan ƙoƙon kan mutum ake yin ta, wanda suka laƙaba wa suna Eric.

Kada mu ɗauki waɗannan dokoki a matsayin taurin kai kawai, suna da dalili mai ƙarfi. A wurin mutanen nan labarin bincike wasa ƙwaƙwalwa ne tsakanin marubuci da mai karatu, tamkar dara. Marubuci zai baje duk alamun da mai bincikensa ya gani a gaban mai karatu, in mai karatu ya yi hankali ya riga shi gano mai laifi, in bai yi ba ya ga inda aka yi masa wayo ya yi dariya. To idan mamaci zai iya tasowa ya nuna wanda ya kashe shi, ina wasan? An zubar da 'ya'yan darar tun kafin a fara. Ita kuma soyayya, laifinta shi ne tana tona asiri. Da zarar mai karatu ya ga saurayin da tauraruwa ke so, ya san ba shi ne mai kisan ba, an rage masa mutum guda daga cikin waɗanda ake zargi.

A tsakiyar wannan zamani ne aka haifi uwar masu binciken sa-kai, Miss Marple ta Agatha Christie, wadda ta fara fitowa a gajeren labari a 1927, sa'an nan a littafin The Murder at the Vicarage a 1930. Tana da magabata a Amurka, kamar Amelia Butterworth da Anna Katharine Green ta ƙago a 1897, amma ita ce ta zama abin koyi. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauyen St Mary Mead tana saƙa da gyaran lambu. Makaminta kaɗai shi ne sanin halin mutane. In aka nuna mata wani babban mutum sai ta ce ya tuna mata da wani mahauci ko yaron kanti na ƙauyensu da ya taɓa yin kaza, kuma sau da yawa a nan gaskiyar take. 'Yan sanda na raina ta, mutane kuwa na sakin baki a gabanta don suna ganin ba ta da hatsari. Duk wanda ya san irin labarin da dillaliya ko mai kitso ko ungozoma ke kwasowa daga gida zuwa gida a unguwanninmu ba zai yi mamakin wannan tsohuwa ba.

Soyayya ce ta fara karya doka, kuma daga cikin gida aka buɗe mata ƙofa. Dorothy L. Sayers tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan ta Landan, ita ma ta taɓa rubuta cewa soyayya ɓata labarin bincike take yi. Amma a 1930, cikin Strong Poison, sai ta sa mai bincikenta Lord Peter Wimsey ya hango wata marubuciya, Harriet Vane, a akwatin masu laifi ana tuhumar ta da ba tsohon masoyinta guba, ya kamu da son ta nan take. Ya wanke ta daga zargi, ya nemi aurenta, ta ƙi, don ba ta son auren da za a gina kan bashin godiya. Sai a ƙarshen Gaudy Night na 1935 ta amince, a 1937 kuma suka tare a sabon gidansu suka tarar da gawa a ɗakin ƙasa. Abin da Sayers ta nuna shi ne soyayya ba ta ɓata binciken in ita ce dalilinsa. Wimsey yana da wata ɗaya kacal kafin a sake shari'a, in ya kasa za a rataye wadda yake so.

Fatalwa kuwa sai da ta bi ta bayan gida, da farko ma a matsayin ƙarya. A cikin Strong Poison ɗin nan akwai wata dattijuwa, Miss Climpson, mai yi wa Wimsey aiki, wadda ta yi shigar mai kiran kurwa ta yaudari wata ma'aikaciyar jinya har ta nemo mata takardar wasiyyar da aka ɓoye. A 1931 Christie ta fitar da The Sittaford Mystery, inda wasu mutane da dusar ƙanƙara ta tsare a wani gida suka zauna wasan kiran kurwa, tebur ya sanar da su cewa an kashe wani Kyaftin Trevelyan da ke can wani gari mai nisan mil shida. Aka je aka tarar da shi a mace. Wadda ta warware lamarin wata budurwa ce, Emily Trefusis, da ta fito don ceton saurayinta da aka kama, ta kuma gano cewa hannun mutum ne ya motsa teburin. Ga bincike na sa-kai, ga soyayya, ga kurwa, duk a littafi ɗaya, amma doka ba ta karye ba tunda kurwar ta bogi ce.

Inda Christie ta taka iyaka shi ne a wani littafin gajerun labarai da ba a cika ambato ba, The Mysterious Mr Quin na 1930, shekarar da aka kafa ƙungiyar masu rantsuwa. Shi wannan Mista Quin ba a san inda yake fitowa ba, ba a san inda yake komawa ba, yakan bayyana ne inda masoya suka shiga uku ko inda aka zalunci mamaci. Amma bai taɓa faɗin wanda ya yi laifi. Tambaya kawai yake yi wa wani dattijo mai suna Satterthwaite, har shi dattijon ya tuna abin da ya gani da idonsa bai kula ba. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne sharaɗin da aka gindaya wa fatalwa daga baya.

Kafin nan sai da aka cire mata ban tsoro, kuma a wajen fagen bincike aka yi wannan aiki. Thorne Smith na Amurka ya rubuta Topper a 1926, labarin ban dariya na fatalwowi masu shaƙiyanci da suka addabi wani ma'aikacin banki. A fim ɗin Topper Returns na 1941 wata budurwa da aka kashe bisa kuskure a madadin ƙawarta ta dawo tana neman wanda ya kashe ta, domin ita ma ba ta ga fuskarsa ba. Wanda ya fi tasiri shi ne The Ghost and Mrs Muir na 1945, wanda Josephine Leslie ta rubuta da sunan aro R. A. Dick, aka mai da shi fim a 1947. Lucy Muir matashiya ce da mijinta ya rasu, ta gudu daga mulkin dangin miji ta kama hayar wani gida a bakin teku, ashe fatalwar mai gidan, Kyaftin Daniel Gregg, tana nan ba ta tashi ba. Suka fara da faɗa, suka koma abokan hira, har ya yi mata shiftar tarihin rayuwarsa ta buga ta sami kuɗin riƙe gidan. Mu lura da shekarar, 1945, ƙarshen wani yaƙin da ya sake cika Turai da mata masu takaba. Mamacin da ke zama a falo yana ba da shawara ya fi kusa da abin da zukatansu ke nema fiye da mai jan sarƙa cikin duhu.

A daidai wannan lokaci labarin bincike mai taushi yana shan suka. A 1944 Raymond Chandler ya rubuta wata shahararriyar maƙala yana yi wa salon Ingila ba'a, cewa kisan da ake yi a gidajen masu kuɗi da guba mai wuyar suna bai yi kama da na duniya ba. Nasa salon, na jami'in bincike mai bindiga da giya a lungunan birni, shi ya mamaye kasuwar Amurka shekaru da dama. Talabijin ce ta riƙe ɗaya ɓangaren. A Ingila, daga 1969 zuwa 1970, an nuna Randall and Hopkirk, inda aka kashe ɗaya daga cikin abokan aiki biyu ya dawo cikin farar kwat, abokinsa kaɗai ke ganin sa. A Amurka kuma Murder, She Wrote ya yi shekara 12, daga 1984 zuwa 1996, Angela Lansbury tana fitowa a matsayin Jessica Fletcher, tsohuwar malamar Ingilishi da mijinta ya rasu. Mu malamai dai ba mu da ƙorafi a kan wannan zaɓi, don wanda ya shekara 20 yana gano ɗalibin da ya kwafi aikin wani ya riga ya sami horo. A 1989 masoya wannan salo suka fara taronsu na shekara-shekara, Malice Domestic, kusa da birnin Washintan, inda ake ba da kyautar Agatha, wadda butar shayi ce.

A wannan sabuwar kasuwa ne abubuwan uku suka haɗu sosai. A 1992 Nancy Atherton ta fitar da Aunt Dimity's Death. Lori Shepherd Ba'amurkiya ce, aurenta ya mutu, uwarta ta rasu, ba ta da ko sisi. Tun tana yarinya uwar ke ba ta labaran wata Gwaggo Dimity, ita kuma ta ɗauka tatsuniya ce, sai ga lauyoyi sun kira ta cewa Dimity mutum ce, aminiyar uwarta tun zamanin yaƙi a Landan, ta mutu ta bar mata aiki a wani ɗan gida a karkarar Ingila. A gidan akwai wani shuɗin littafi da babu rubutu a ciki, in Lori ta buɗe sai rubutun hannun Dimity ya riƙa bayyana. Babu ma kisa a littafin. Asirin da ake nema shi ne baƙin cikin da ya hana Dimity kwanciya, a kan hanya kuma Lori ta sami miji, ɗan lauyan. Littattafan wannan jeri sun haura 20.

Sauran sun biyo sahu, kowa da hanyar da ya ɗaure fatalwarsa. A Night of the Living Deed na E. J. Copperman, 2010, wata bazawara ta sayi tsohon gida a gaɓar tekun New Jersey don ta mai da shi masauki, bokiti ya faɗo mata a ka, ta farfaɗo tana ganin mutum biyu da aka kashe da guba a gidan, su kuma ba su san wanda ya ba su ba. Wata fatalwar ba ta iya fita daga ginin da ta mutu, wata ba ta iya taɓa kome, wata ta manta daren mutuwarta. Duk dabara ɗaya ce, wato sharaɗin Mista Quin. An yarda mamaci ya zauna, ya yi hira, ya ba da shawara, har ya yi kishi, amma sawun mai laifi sai mai rai ya bi shi da ƙafarsa, kuma hujjar da za a kai wa 'yan sanda dole ta zama wadda alƙali zai karɓa. Dokar Knox ta 1929 tana nan da ranta ke nan, fassara kawai aka sake mata.

Ba kowace al'umma ce ta bi wannan hanya ba. A tsofaffin labaran shari'a na ƙasar Sin, kamar na Alƙali Di da wani jami'in jakadancin Holan, Robert van Gulik, ya fassara a 1949, fatalwa da mafarki kan nuna wa alƙali inda zai duba, masu karatunsu kuma ba su ga aibi ba, don abin da suke jira shi ne ganin an hukunta azzalumi. Mu ma a wasu rubuce-rubucen da ke zuwa hannunmu daga sababbin marubuta, da zarar zaren labari ya sarƙe sai a kawo boka ko aljani ko mafarki ya tona kome a shafi guda. Ba mu ce a kori aljani daga labarin Hausa ba, tun Ruwan Bagaja yana ciki kuma ya yi kyau. Amma wanda ya ce labarin bincike yake rubutawa ya yi wa mai karatu alkawarin wasa ƙwaƙwalwa, in aljani ya faɗi amsa to an ci amanar wannan alkawari.

Akwai matsala guda da har yanzu marubutan wannan reshe ba su gama da ita ba, kuma ta fi fitowa fili a The Ghost and Mrs McClure na 2004, wanda wasu mata da miji suka rubuta da sunan Alice Kimberly. Daga sunan ma ka san jikar Misis Muir ce. Penelope ta rasa mijinta, ta koma garinsu a jihar Rhode Island da ɗanta, ta shiga kantin littattafan gwaggonta, sai ta fara jin muryar wani Jack Shepard, jami'in bincike mai zaman kansa da aka kashe a ginin a 1949. Irin mutumin Chandler ne sak, da baƙar magana da raina ƙauyawa, ga shi an mai da shi mai ba bazawara shawara a tsakanin kantocin littattafai. Suna son juna, to amma ina za a kai wannan so? Ba a ɗaura aure da mamaci. In ta auri mai rai an ci fuskar wanda masu karatu suka fi so, in ta zauna haka an tsare ta a takabar da ba ta ƙarewa. Josephine Leslie ta sami mafita don littafi ɗaya ta rubuta, ta bar Lucy ta tsufa ta mutu, kyaftin ya zo ya kama hannunta suka fita tare. Masu jerin littattafai ba su da wannan dama, don ranar da tauraruwa ta mutu ranar kasuwa ta tashi. Labarin Penelope da Jack ya yi littattafai biyar zuwa 2009, aka yi shiru shekara tara, da aka dawo da shi a 2018 kuma aka tarar da su inda aka bar su, ita a bayan kanta tana sayar da littattafai, shi yana yi mata magana a kunne.